Baƙar Wuƙar Zakari

A ƙauyen su Hajjo, can bakin kwarin Tarka ta wajen Belbeji, namiji ba ya shiga daji ba wuƙa a jikinsa. Ba don faɗa ba. Ƙasa ce ta dabbobi, dabba kuwa ba ta sallama in za ta mutu. Tana tsaye tana kiwo sai ka ga ta kife. In akwai wuƙa kusa, an samu nama. In babu, an yi mushe, sai a ja shi bayan gari a bar wa karnuka da angulu. Shi ya sa kowa da tasa. Wani ta maƙera ce, ƙotarta ɗaure da tsumma, wani ta Buzaye a damtse, wani ma guntun ƙarfe ne da aka wasa har ya rame kamar tsinke. Duk munana ne, duk kuma suna yanka.

Ban da ta Zakari.

Zakari ƙanin mijin Hajjo ne, marigayi Malam Ila. Ya yi shekaru a Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya wai yana neman arziki. Abokan tafiyarsa suka dawo, wannan da babur, wancan da injin niƙa, mai ƙaramin rabo ma da barguna. Shi kuwa ya sauko daga kamyo, babbar motar kaya, da 'yar jaka, da tari, da wata wuƙa mai naɗewa, baƙa wulik, wadda in ya taɓa ta da babban yatsa sai ta yi ƙas ta miƙe. Ruwanta ba fari ba ne kamar na wuƙaƙen mutane. An shafe shi da wani baƙin abu mai santsi, wai don kada tsatsa ta kama shi.

To, tun daga ranar Zakari ya samu sana'a. Kullum da hantsi, in maza sun watse gona da kasuwa, sai ya shimfiɗa buzu ƙarƙashin aduwar ƙofar gida, ya jera kaya kamar wanzami. Ga tsohon burushin haƙori, ga gashin kaza, ga 'yar kwalbar man keken ɗinki, ga wani ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau. Zai sa tsinken tsintsiya ya tsakuro yashin da ya maƙale a cikin ƙota. Zai jiƙa burushin da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ya bi ruwan wuƙar a hankali daga gindi zuwa tsini. Ya tsane ta, ya hura, ya ajiye a inuwa ta sha iska. Sannan ya lakato mai da gashin kazar nan ya ɗiga a mahaɗa, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, yana karkata kunne kamar mai sauraron numfashin jariri. Washi kuwa ba a kan dutse ba, haba! A gindin kofin tangaran yake goga bakin kaifin kaɗai, ya ƙarasa a bayan wata tsohuwar ɗamarar fata, don kada baƙin ya ji ciwo.

Dokokinta sun fi na asibiti yawa. Ba a sa ta aljihu ɗaya da mabuɗi. Ba ta kusantar lemun tsami. Ba a ajiye ta a ƙasa. Hajjo ta taɓa leƙowa ta ce, "Kawo in dirje maka wannan baƙin tukunyar da toka da yashi, ta yi haske kamar ta 'yan'uwanta." Zakari ya cusa ta cikin riga da sauri, ya kwana biyu bai gaishe ta ba.

Maganar gaskiya, wuƙar ta yi kaifi. Kula da kaya kuma ba laifi ba ne, wa ya ƙi mai tattali? Sai dai fa tun da ta shigo garin, abin da aka ga ta yanka shi ne gashin hannun mai ita, in ya zo fada, wurin hirar maza, ana shan shayi yana son a kalla. Ko igiya aka ce ya taimaka ya yanke, sai ya ce igiyar akwai yashi a jikinta, a nemo wata wuƙar.

Hajjo tana da sa guda, ja, mai gajeren ƙaho. Shi ne duk abin da Malam Ila ya bar mata mai numfashi. Shi ke jan amalanken da take ɗebo ruwa daga rijiya, rijiyar kuwa ba kusa ba ce. Shi ke kai hatsin mutane kasuwa a ba ta ɗan abin miya. Gwiwoyinta sun soma ƙara in ta tashi, wuyanta kuma ya manta nauyin tulu tun da san nan ya iya tafiya tsakanin itatuwan amalanke.

Shekarar da abin ya faru, an gama girbi sai wani ruwa ya zo a makare, irin wanda ba ya amfanin kowa. Ya jiƙa kwari, kututturan dawar da aka yanke suka sake tofo ganye kore shar. Gyauro ke nan. Ido yana sha'awarsa, amma duk mai dabba ya san dafi ne. In saniya ta cika ciki da shi, ba ta kai gida.

Ranar, Hajjo ta ɗaura wa sa amalanke za ta kwaso kara a gonarta. Zakari ya ɗare baya ba a gayyace shi ba, wai a kan tudun gonar ne waya take samun reso, wato layin kira, yana son ya kira wani a Agadas.

"Matar yaya, a hankali da ramuka, akwai kaya a jikina."

"Wane kaya, kai da ko lauje ba ka ɗauko ba?"

Ya dafa aljihun gaba.

"Au, amarya," in ji Hajjo. "A yi haƙuri, amarya, hanyar talakawa ce."

Da suka isa ta kwance san, ta ɗaure shi a jikin wani kututture, ta nuna gonar maƙwabci da haɓa, inda koren ganyen nan yake ta walƙiya. "Tun da dai ba za ka ɗaura kara ba, ga aiki marar ƙura. Ka sa masa ido. Kada ya leƙa can."

"An gama," in ji Zakari, ya haye tudu, waya a sama.

Ta duƙa tana tattara kara tana ɗaurewa. Ƙasa ta jiƙe, kututturen kuma ashe gara ta cinye gindinsa. Sanda ta ɗago kai don ta miƙe baya, ba sa a inda ta bar shi. Yana can tsakiyar gyauro, igiya da kututture suna binsa a ƙasa, yana fizgar ganye kamar wanda bai taɓa ganin abinci ba. Mai gadi kuwa yana kan tudu ya juya baya, yana ta "Alo? Alo?"

Ta yi gudun da ta daɗe ba ta yi ba. Ta kama igiyar ta ja, san ya biyo ta, ya yi 'yan taku, ya tsaya. Numfashinsa ya soma fita da sauri. Cikinsa ya ɗaure kamar ganga, kumfa tana zuba daga bakinsa, ƙafafunsa suna karkarwa. Ta buɗe masa baki ta ɗura ruwan bidonsu, jarkar da suka zo da ita, ruwan ya dawo ta hanci. Ya durƙusa da gwiwoyin gaba, ya daɗe a haka kamar mai roƙo, sannan ya kife gefe guda.

Hajjo ta ga irin wannan faɗuwar tun tana yarinya a garken ubanta. Ta san san ya tafi. Abin da ya rage shi ne a ce nama ne ko mushe, wannan kuma ɗan lokaci kaɗan ne zai raba.

"Zakari! Sauko! Wuƙa!"

Ya gangaro yana riƙe da bakin riga don kada ƙarangiya ta kama. Ya tsaya ɗan nesa, ya ce, "Innalillahi. Me ya ci?"

"Abin da na ce ka tsare kada ya ci. Fiddo wuƙa ka yanka, zai tafi!"

Ya fiddo ta, wannan kam ya fiddo. Ya taɓa, ta yi ƙas. Sai ya tsaya yana duban wuyan san, yana duban wuƙar, kamar tela yana auna yadi.

"Matar yaya, wannan fa ba ta yanka ba ce."

"Ta mece ce? Ta kwalliya?"

"Ki gane mana. Wuyan sa akwai ƙashi. In ta taɓa ƙashi baƙin nan ya tafi ke nan, ko a Damagaram babu mai mayar da shi. Dubi gashin nan, duk yashi ne. Jini kuma in ya shiga mahaɗa..."

"Zakari, ka ji tsoron Allah. San yayanka ne."

"Ai shi ya sa nake son a yi abin a tsanake. Bari in kira Gajere, da babur yanzu zai iso. Shi mahauci ne, yana da wuƙaƙen wannan aikin."

"Kafin Gajere ya nemo takalminsa wannan ya zama na angulu!"

Bai ji ba. Ya ɗaga waya da hannun dama yana neman reso, wuƙar tana hagu, a buɗe, ya riƙe ta da 'yan yatsu kamar mai riƙe da fure. Idon san ya soma juyewa, fari yana rinjayar baƙi.

A ƙauyen nan mace ba ta yanka. Ko kaza ce za ta mutu, sai a bi gari da ita ana neman namiji, ko da tsohon da hannunsa ke rawa ne. Hajjo ta san da haka sarai, a cikinsa aka haife ta. Amma ta dubi ɗan ruwan idon da ke gangarowa a fuskar san, ta dubi ƙanin mijinta yana juya waya sama da ƙasa. Ta miƙa hannu ta murɗe wuyan hannunsa kamar mai matse wanki, wuƙar ta dawo hannunta.

"Kama ƙahon! Juya kansa gabas!"

Ta yi tsawar da ba ta taɓa yi wa namiji ba, har Zakari ya kama ƙahon kafin ya tuna shi wane ne. Ta durƙusa, ta laluba maƙogwaro da hagu, ta ce, "Bismillahi, Allahu Akbar," ta danna da duk ƙarfin da daka da surfe suka bar mata. Wuƙar ta shige kamar cikin kabewa. Wuƙa ce gajeruwa ga wuyan sa, don haka ta ja, ta sake ja, har ta ji ƙarar ƙarfe a kan ƙashi. Jini ya yi tsartuwa ya wanke mata zane. San ya yi shure-shure da ƙafafu huɗu, ya miƙe, ya yi shiru.

Hajjo ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ɗora hannu a kan goshin san.

"Kin gani? Kin gani ko?" in ji Zakari. Ya tsince wuƙar daga ƙasa, ya ɗauki ragowar ruwan shansu yana tsiyaya mata. Da jinin ya wanke sai ga shi: wani farin zane, dogo, ya ratsa baƙin daga tsakiya har kusa da tsini. "Shekara nawa ina tattalinta! Dubi! Dubi abin da kika yi!"

Ta dube shi. Sannan ta ce, a hankali, "Saurara da kyau. Kai ka yanka."

"Ni?"

"Kai. Ni na riƙe ƙaho. In aka ji mace ce ta yanka, ba mai taɓa naman nan, ka sani na sani. Yau guda dai ka yi mini amfani, ko da da baki ne."

Ya tura baki, yana goge mahaɗa da bakin rigarsa. "To. Na ji."

Waya ta kama daga baya. Gajere ya iso da babur da mutum biyu, aka aro san wani ya ja amalanke. Nan take suka feɗe, suka zubar da tumbi da hanji can nesa saboda dafin. Gajere ya duba wuya, ya duba yadda jini ya fita, ya gyaɗa kai. Sa ne mai ƙiba, Hajjo ba ta taɓa barinsa da yunwa ba.

"Hajjo, Allah ya mayar da alheri," in ji shi. "Gobe kasuwar Belbeji ce. Ki bar mini naman nan da fata gaba ɗaya, ni kuma akwai wani maraƙi da nake turke, ya soma ƙarfi. Ki ɗauke shi. Kafin bazara ya iya jan amalanke."

Sai a lokacin ta ji numfashinta ya sauka. Maraƙi ba sa ba ne, amma zai zama. Ta bi bayan amalanke da ƙafa har gari, tana gode wa Allah a ranta, har ma ta ɗan yafe wa Zakari.

A ƙofar rumfar Gajere maza suka taru, kamar yadda suke taruwa duk inda aka sauke nama. Hajjo ta tsaya gefe, jikin amalanke, ta ja mayafi ta rufe jinin zanenta, tana jiran a kawo mata maraƙinta. Labari ya riga ya zaga: wai yau baƙar wuƙa ta sha jini.

"Zakari, ashe an kai amarya ɗaki!"

"Kai, barka! Mun zaci sai ranar da za a yanka takarda a gayyace mu."

Zakari yana murmushi, yana ɗaga kafaɗa. Ya ma soma ƙara gishiri, wai shi da ya ga abin ya zo, bai tsaya wata-wata ba. Hajjo ta sunkuyar da kai. Ya ci yabon, ita dai a ba ta maraƙi.

"Kawo ta mu gani mana," in ji Gajere, yana goge hannu a gaban riga.

Zakari ya yi jinkiri, aka matsa, ya miƙa. Gajere ya buɗe ta, ya karkata ta ga rana, sai ya fashe da dariya.

"Jama'a, ku zo ku ga! Malamin wuƙa! Wanda yake hana mu ajiye tamu a ƙasa! Wannan ai ba yanka ba ne, faskare ne. Ka bi ƙashi ka sara kamar mai neman itacen girki!"

Wuƙar ta bi hannu hannu. Kowa ya ga farin zanen sai ya ƙara tasa.

"Ashe duk gashin kazar nan da man keke, hannun bai iya ba."

"Ai gara tawa mai tsumma, ko ta karce ba mai gani."

"Zakari, a Tamanrasat haka suka koya maka?"

Hajjo tana kallon bayan wuyansa. Ta ga jijiyar ta tashi. Ta yi gyaran murya da ƙarfi, ta sake yi. Ina! Mutumin da aka ce masa malalaci shekara da shekaru bai damu ba, aka ce masa ya dawo hannu wofi bai damu ba, yau an taɓa inda yake da rai.

"Ni?" ya ce, ya fizge wuƙarsa. "Ni zan yi mata wannan ɓarnar? Wallahi ba hannuna ba ne! In ni ne, ko gashi ba za ta taɓa ba daidai ba. Ku tambayi Hajjo, ga ta nan, ita ta fizge ta ta..."

Ya tsaya. Amma maganar ta riga ta fita, ta zauna a tsakiyar rumfa.

Dariya ta ɗauke. Wani da ya riga ya ɗaga cinya yana auna nauyinta ya mayar da ita a hankali, ya goge hannu a wando. Gajere ya dubi Hajjo, ya dubi jinin da ke leƙowa ta ƙarƙashin mayafinta.

"Hajjo, ke kika yanka?"

Ƙarya ta ƙare, ba ta ga amfanin jan ta ba. "Ni na yanka. Namijin da ke wurin yana neman reso."

Aka aika aka kira liman, Malam Hashimu, ya zo da sandarsa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya gare ta.

"Kin ambaci sunan Allah?"

"Na ambata, Allah gafarta malam."

"Da rai a jikinsa?"

"Ya yi shure-shure. Ga jininsa a zanena."

"Gajere, maƙogwaro da jijiyoyi sun yanku?"

Gajere ya sosa ƙeya ya ce sun yanku.

"To halal ne. Yankan mace halal ne, ba yau aka san haka ba, ku ne ba ku tambaya. A yankar mini na miya." Aka yanka masa, ya karɓa da hannunsa, ya ɗaga don kowa ya gani, ya tafi.

Ba wanda ya bi bayansa. Maza suka tsaya suna duban ƙasa, kowa yana jiran wani ya fara.

"Ni ban musa wa malam ba," in ji Gajere. "Amma ni ba karatu nake sayarwa ba, nama nake sayarwa. Kafin in kafa tebur gobe labari ya riga ni Belbeji. Su ce Gajere yana kawo yankan mata, shi ke nan an gama da ni. Ki yi haƙuri, Hajjo. Maganar maraƙi a bar ta."

Suka taimaka dai suka tura mata amalanken har cikin gida, suka sauke naman a kan tabarma, suka fice da sauri kamar an kore su. Ta tsaya a kansa. Tsibin nama ja wur, rana tana sama, ƙudaje sun soma sallama. Ta ɗauko tsohuwar wuƙarta ta yankan kuɓewa, ta goga ta a bakin turmi, ta zauna tana yanyanawa don ta shanya abin da za ta iya. Hawaye bai zo ba. Haushi ya tare hanyar.

Bayan la'asar ta ji ana taɓa zana ta baya, wajen da awaki suke shiga. Zalika ce, matar Gajere, da kwano a ƙarƙashin mayafi.

"Yaya Hajjo, sannu da wannan rana. Zuba mini ta wajen haƙarƙari." Ta buɗe kwanon, cike da hatsi. "Juye wannan tukuna."

"Ke matar mahauci? Mijinki ya ce..."

"Mijina ya ce. Shekarun da mazan garin nan suka kwashe zuwa Aljeriya suka bar mu da katanga, wa kike tsammani yake yanka kaza in ta kwanta? Ni dai ban taɓa jefar da kaza ba. Ke kin taɓa?"

Hajjo ta dube ta, sai dariya ta kufce mata, irin mai ciwo a ƙirji.

Bayan Zalika wata ta zo, bayan ta wata. Duk ta hanyar awaki, duk da kwano a rufe. Mai wake da wake, mai sabulu da sabulu, wata ta kawo 'yar budurwar kaza a hammata, wata ba ta da komai sai hannu, ta zauna ta taya yanyanawa. Kafin magariba tabarma ta yi sauƙi, kusurwar ɗaki ta yi nauyi.

Da aka fito sallar magariba, garin gaba ɗaya ƙanshin nama yake. Mazan nan da suka goge hannu a wando suka zauna gaban akushi, suka tarar da tsoka a miya a ranar da ba kasuwa ba. Ba wanda ya tambayi inda ta fito. Gajere ma, an ce, har ƙari ya nema.

Amma hatsi da sabulu ba sa jan amalanke. Washegari Gajere ya kora maraƙinsa Belbeji ya sayar. Amalanken Hajjo yana tsakar gida, ya kifa hannuwa a ƙasa, bidunan ruwa a kansa wayam.

Da hantsi sai ga Zakari da kwanonsa. Tun rasuwar Malam Ila daga tukunyarta yake ci, ba ta taɓa yi masa gori ba. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya tsuguna bakin murhu. Yatsunsa duk baƙin tawada. Ashe tun safe yana can ƙarƙashin aduwa yana shafa wa farin zanen alƙalami, yana gogewa, yana sake shafawa.

"Matar yaya, jiya fa bakina ne ya kufce. Amma ke ma ki duba, in da kin bi ta ƙasan ƙashin kaɗan..."

Hajjo ta ɗora murfi a kan tukunya, ta zauna a kan kujerarta, ta miƙe ƙafafu.

"Babu ruwa a gidan nan, Zakari."

"To, a aika mana."

"An aika. Kai." Ta nuna amalanke da muciya. "Ga shi can. Ba nauyi in ba kaya, in da kaya kuma ka saba."

Ya miƙe tsaye. "Ni? Ni zan ja amalanke a garin nan? Sa ne ni?"

"A'a, wane kai. Shi ai yana da amfani tun ba a roƙe shi ba. Tuwon gidan nan da ruwa ake tuƙa shi. Wanda ya kawo ruwa ya ci."

Ya ɗauki kwanonsa ya fita yana faɗa, wai shi an wulaƙanta shi, wai zai koma Tamanrasat inda aka san darajar mutum. Ya gwada gidajen abokan fada. Aka ba shi shayi, shayi kuwa ba ya riƙe ciki. Matan gari duk sun ci naman Hajjo, ba wadda tukunyarta ta yi saura.

Ba a daɗe ba, wata safiya, masu zuwa rijiya suka ga abin kallo. Amalanken Hajjo yana tafe cikin yashi, bidunan suna kaɗawa, Zakari a tsakanin itatuwan, ya duƙa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Hajjo tana biye a baya da 'yar sandarta, tana gaisawa da mutane.

"Hajjo, an samu sabon sa?" wata ta tambaya daga bakin hanya.

"Aro ne," in ji Hajjo. "Ci gare shi, ga taurin kai. Ina dai lallaɓawa da shi kafin Allah ya hore mini na gaske."